Uwaisu Kafinta da Lungun Makara

Duk wanda ya zauna a Kanyar Maƙera, ƙaramin ƙauyen nan da ke maƙale a gefen kamfanonin Calawa, ya san Uwaisu kafinta, ya kuma san ba a gaisawa da shi a gurguje. Kana ce masa ina kwana zai amsa, sai ya tsuguna gaban kekenka ya tambaye ka me ya sa sarƙar take ƙara ta gefe guda. Ba gulma yake nema ba, ba ruwansa da abin da aka dafa a gidan wani. Shi dai ba ya iya wuce abu bai san yadda aka yi ya zama haka ba. Yana yaro ya taɓa sa hannu a tarkon gafiyar babansa don ya ga abin da ke sa shi kamawa, tarkon kuwa ya yi masa bayani dalla-dalla. Har ya tsufa farcen nan bai sake fitowa daidai ba.

Shi ne autan Inna Mairama. Ta haihu da yawa, amma yawancinsu sun koma tun suna goye, mijinta ma ya rasu Uwaisu bai gama tasawa ba. Kafintancin da ya iya tsintarsa ya yi. An aike shi birni sayar da tumatir, ya tsaya kallon masu fafe katako har rana ta yi tsaka, tumatir ya yi laushi a kwando. Mai rumfar ya gaji da tambayoyinsa, ya miƙa masa zarto ya ce ya gwada da kansa ya bar mutane su yi aiki. Daga nan ya yi shekaru a Bompai yana haɗa akwatunan zuba kayan kamfani, ya koma Sharaɗa yana buga rufin kwano. Ko'ina an yaba aikinsa, ko'ina kuma an yi ajiyar zuciya ranar da ya tafi da bakinsa. Da ya auri Atika sai ya dawo gida, don Inna ta fara manyanta.

Dawowarsa ta zo daidai da shekarun nan na ƙarshen saba'in da kuɗi suka yi yawa a ƙasa, kamfanoni suna tsirowa a Calawa ta ko'ina. Wani kamfani ya samu filin da ke gabas da ƙauyen zai gina masaƙa.

Masu safiyo, wato masu auna fili, da rani suka zo, bayan an kawar da amfanin gona. A faɗi gaskiya ba su yi wa kowa ƙeta ba. Sun zauna a ƙofar gidan Mai unguwa Alhassan, an dama musu fura, suka ce a nuna musu duk hanyar da mutanen gari ke bi don kada gini ya tare ta. Aka nuna musu hanyar kasuwa, aka nuna ta rafi, har burtalin shanu ba a manta ba. Hanyar maƙabarta ce kaɗai ba wanda ya ambata. Wasu sun ce mantuwa ce, don da rani gona duk hanya ce, inda ka ga dama ka ratsa. Wasu sun ce an tuna sarai, sai dai wa zai buɗe baki ya kawo wa baƙi zancen makara suna tsakiyar shan fura? Kuma ai an ce ginin na 'yan watanni ne.

Da aka tashi kewaye filin, Uwaisu aka ɗauka, tunda ga kafinta a gida. Da hannunsa ya kafa dirakun, da hannunsa ya buga kwanon. Ya tambayi me ya sa ake shafa wa gindin dirka baƙin mai, ya tambayi me ya sa fentin kore ne ba shuɗi ba. Mutumin da ya tambayi komai, bai tambayi kansa abin da shingen ya raba ba.

Sai da damina ta faɗi, wani tsoho ya rasu, aka yi masa sutura aka sallace shi, aka ɗauko makara a kafaɗa kamar yadda aka saba tun kakanni, aka bi ta tsakanin gonaki. Sai ga kwano a gaba, kore shar, ya miƙe hagu da dama. Aka tsaya cirko-cirko. Ba yadda aka iya, dole aka zagaya ta bakin titi inda tifofi ke watsa taɓo, aka bi ta bayan majemar fata inda wari ke sa mutum ya manta salatin da yake yi. Dattawa suka riƙa zubewa a hanya, wannan ya zauna a kan dutse, wancan ya jingina da bango. Da aka sake yin rasuwa sai wani ya kawo shawarar a nemo a-kori-kura. Tun ana jin nauyin abin har aka saba. A sa gawa a bayan mota, 'yan kaɗan su ɗare, sauran su tsaya suna kallon hayaƙi.

Wata rana Uwaisu ya dawo daga irin wannan rakiya ya tarar da Inna Mairama tsaye a bakin danga, ta dafa sandarta.

"Auta, wa aka wuce da shi a motar nan?"

"Malam Uba ne, Inna. Allah ya yi masa cikawa da asuba."

"Allah ya jiƙansa. Malam Uba guda, a bayan mota kamar buhun gyaɗa." Ta daɗe tana kallon hanya. "Ni dai kada a sa ni a mota."

"Haba Inna, ku bar wannan zancen. Allah ya ƙara muku nisan kwana."

"Ba zan bari ba. Mahaifinka a kafaɗa ya tafi, ta gindin kanyar nan. Yayyenka ma ta nan aka bi da su, wasu a 'yar tabarma don ƙanƙanta. Ni ban taɓa taka hanyar ba, mata ba sa rakiya, iyakata bakin dangar nan in ga ƙeyarsu. Sau ɗaya tak aka ba ni in bi ta, shi ne ka sa kwano ka toshe?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ta fi zafi. Uwaisu ya shiga ɗaki ya zauna, Atika ta ajiye masa tuwo har ya huce bai taɓa ba. Kunya ce ta kama shi, da tsoro, don ya san Inna ba ta da sauran ƙarfin jira mai tsawo.

Washegari ya nemi ganin mai kula da ginin, Injiniya Nuru, wani saurayi ɗan gidan malamai daga cikin birni wanda ya yi karatunsa a Zariya. Nuru ya saurare shi har ƙarshe, ya yi salati, ya ce wallahi ba wanda ya gaya musu. Sannan ya ja shi ya nuna masa cikin filin. Ramukan harsashin gini sun fi tsayin mutum zurfi, ruwan sama ya kwanta a ciki, ga rodi a tsaitsaye kamar masu.

"Malam Uwaisu, ka gani da idonka. In na buɗe ƙofa a nan, kafin la'asar yaran garinku sun shigo kamun kwaɗi. In ɗaya ya faɗa, me zan ce wa uwarsa?"

Gaskiya ya faɗa, Uwaisu ma ya san gaskiya ce. Da wani ne, da ya yi godiya ya tafi. Shi kuwa sai ya ce, "Yallaɓai, wannan ramin na mene ne?"

Aka gaya masa. Ya tambayi na kusa da shi, aka gaya masa. Kashegari ya dawo da wasu tambayoyin, jibi ma haka. Me ya sa aka fara ta kudu? Ina ruwan rufin zai zuba? Nuru tun yana amsawa a tsaye har ya koma yana zana masa a ƙasa da tsinke, don shi ma ashe yana son a tambaye shi, ba wanda ya taɓa yi. A haka wata rana suka zo kan wani fili siriri da aka bari tsakanin inda za a kafa injinan saƙa da inda za a yi ɗakin ajiya.

"Nan fa me za a gina?"

"Ba komai. Motoci ne za su riƙa bi in an fara aiki."

"To kafin motocin su zo, wa ke bi?"

Sai Nuru ya yi dariya. Filin ya tashi daga shingen yamma, ya ɗan karya ta gefen wani rami, ya wuce ta gindin tsohuwar kanyar da leburori suka hana a sare saboda a inuwarta suke cin abinci, ya fita shingen gabas dab da maƙabarta. Kusan sawun tsohuwar hanyar ne.

Suka daidaita a kan lungu: kwano hagu da dama, katako a kan kowane ramin da ke cikin lungun, ƙofa a farko da ƙarshe. Nuru ya kafa sharaɗi guda, ya kuma maimaita shi. Mukulli a hannun Uwaisu, kuma ko da wane dalili ba za a bar wata kafa a buɗe ba, ko na ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa. Uwaisu ya yi alkawari.

Sai dai izini daga manyan kamfani yake fitowa, manya kuwa ba sa sauri. Ana cikin jira abubuwa suka tsuke a ƙasa, kayan da ake shigowa da su daga waje suka daina zuwa, ginin 'yan watanni ya shiga shekaru. A yi aiki wata biyu, a tsaya wata uku. Uwaisu bai zauna ba. Ya roƙi direbobin tifa su daina ratsa tsakiyar gari, ya samu aka riƙa kashe injin kwaɓa siminti lokacin sallar azahar, ya haƙa 'yar magudana ta janye ruwan da ke tara sauro a bayan gidaje. Mutane suna sa masa albarka, amma shi hankalinsa na kan kwanon Inna, wanda Atika ta ce kullum raguwa abincinsa yake yi.

Ranar da izini ya fito bai jira komai ba. Ya tattara tsofaffin kwanuka da ragowar katako, ya riƙa aikin da yamma in an tashi. Da ya zo kan faɗin lungun sai ya tsaya. Bai yarda da awon igiya ba, shi sai ya ga abu da idonsa. Ya samu amininsa Idi, mai faskare, ya ce ya zo su ɗauko makarar gari daga gefen masallaci su gwada.

"Makara? Da rana tsaka, ba wanda ya mutu?" in ji Idi. "Uwaisu, kai fa wata rana sai ka sa an kore mu daga garin nan."

"Yanzu za mu dawo da ita, ba wanda zai gani."

Kowa ya gani. Ba su wuce gida uku ba wata mata ta leƙo ta rafka salati, na gaba ta karɓa. Mai shayi ya bar tukunya a wuta ya biyo su, tela ya fito da almakashi a hannu yana tambayar wa ya rasu. Wata tsohuwa da mijinta ya tafi kasuwar Rimi tun safe ta zauna daɓas a ƙasa ta fara kuka. Kafin su kai bakin shinge rabin gari na bayansu, Mai unguwa Alhassan na tafe yana gyara rawani.

"Uwaisu, wa muka rasa?"

"Ranku ya daɗe, ba kowa. Awo za mu yi."

"Awo! Da makara? Kai wane irin mutum ne? Maza ku yi abin da za ku yi ku mayar da ita, kafin matan garin nan su ƙare da kuka!"

Da gudu-gudu suka ratsa lungun, Idi na gaba yana mita, Uwaisu na baya kunya ta ishe shi. A miƙaƙƙen wuri makara ta wuce sumul. Da suka zo kwanar gefen ramin ta ɗan cije, sai suka karkata ta, suka ɗaga kai sama, ta wuce. Makarar gwangwala ce ba kowa a ciki, ko da hannu ɗaya sai ka juya ta. Uwaisu ya ce ta yi, suka juyo.

Da ya gama buga ƙofa ta biyu ya zo ya durƙusa gaban Inna ya gaya mata. Ta tambaye shi ko kanyar tana nan, ya ce tana nan, har ta yi 'ya'ya bana. Ta ce to madalla, Allah ya yi masa albarka, ta juya ta ci gaba da jan carbinta. Lungun nan ya daɗe yana yi wa garin amfani, har bayan an gama masaƙar an bar shi an yi masa bangon bulo. Amma a farkon lamari sai ya zama kamar mutanen gari sun haɗa baki, ba wanda ya mutu. Rani ya zo ya wuce, ƙofa na kulle. Masu tsokana suna ce wa Uwaisu ya gina hanya ya kori matafiya.

Inna Mairama ce ta fara bi. Ta cika da hantsi wata ranar Talata a tsakiyar damina, Atika na riƙe da hannunta. Mata suka yi mata wanka da sutura, aka sallace ta a ƙofar gida kafin azahar. Wani baƙo ya ce a aika a kira mota, Mai unguwa ya ce a'a, yau a kafaɗa za a tafi.

Uwaisu ya wuce gaba da mukulli, don haka wasu ne suka ɗauka. Ya buɗe ƙofar yamma, makara ta shiga. Ranar ana aiki, sai aka ji injin siminti ya yi shiru. Leburori suka ajiye kwanukan kankare, mutanen Gumel da Ringim da Damagaram waɗanda ba su taɓa ganin fuskar tsohuwar ba, suka wanke hannu suka zagayo suka shiga sahu. Haka ake yi, duk wanda ya ga makara yana so ya sa kafaɗa ya samu lada, wannan ya ɗan taka ya matsa, wancan ya karɓa.

A kwana aka tsaya. Makara da mutum a ciki, da masu ɗauka hagu da dama, ta ƙi juyawa. Aka ja baya aka sake gwadawa, kanta ya daki kwano.

"A ɗan karkata ta mana," in ji wani.

"Ba a karkata gawa," in ji Mai unguwa.

Daga can baya wani ya ce a hankali, ko dai a koma a nemo motar. Uwaisu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Nan take ya ga kuskurensa, ya tuna yadda shi da Idi suka ɗaga makarar suka wuce. Bayan duk shekarun nan, Inna ta zo rabin hanyarta, a ce a juya da ita?

"A ba ni guduma!" ya ɗaga murya.

Wani lebura ya miƙo ta saman shinge. Uwaisu ya shiga zare ƙusoshi, ya ɓamɓare kwanukan kwanar ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza dirkar ya tumɓuke ta. Wuri ya buɗe, sai ga ramin a fili, cike da koren ruwa, kawunan rodi sun leƙo. Masu ɗauka suka taka a hankali ta bakinsa, ana ta a yi sannu, a yi sannu, har makara ta juya a miƙe ba ta karkata ba. Jama'a suka bi ta.

Aka bar Uwaisu tsaye da guduma. Ga kafa a buɗe, ga yaran gari can sun cika bakin ƙofar yamma, wasu har sun fara sulalowa cikin lungu. Ga makarar Inna tana nisa, ta doshi kanya, shi kuwa ko taɓa ta bai yi ba tun da aka fito da ita daga gida. Ya dubi can, ya dubi nan. Alkawari ya yi, kuma ya san dalilin alkawarin. Ya ɗaga dirkar ya mayar, ya jingina kwano, ya sa ƙusa. Hawaye ya hana shi ganin kan ƙusar, ya buga ya kuskure.

Sai ya ji an riƙe masa hannu. Injiniya Nuru ne, ya naɗe hannun riga.

"Malam Uwaisu, kawo. Je ka ka raka Inna."

"Yallaɓai, na yi muku alkawari ba zan bar ta a buɗe ba."

"Alkawarin a rufe ne, ba a ce sai kai ba. Ina nan, ba yaron da zai wuce ni. Yi sauri."

Uwaisu ya saki gudumar ya ruga. A bayansa yana jin bugun Nuru, bugun wanda bai saba ba, ɗaya a kan ƙusa biyu a kan kwano. Ya cim musu daidai gindin kanya. Idi ne ke riƙe da gaba ta dama, yana ganinsa ya zame, Uwaisu ya sa kafaɗarsa. Ya yi mamakin rashin nauyinta, matar da ta goya shi, yau ko damin kara ya fi ta.

Ya miƙa wa Idi mukullin ƙofar gabas, aka buɗe, aka fita cikin gonaki, dawa ta kai ƙugu hagu da dama. A sauran kusurwoyin uku ana ta canjin hannu, wannan ya matsa wancan ya karɓa. Shi kuwa har bakin kushewa ba wanda ya nemi ya karɓe shi.